Shimfiɗar da Yaya Haruna Ya Ɗinka

Tun da na dawo daga Gana ba ku bar ni na huta ba. A shago tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har mai shayin bakin layinmu sai da ya riƙe mini kofi ya ce sai na ba shi labari. Ban ga laifinku ba. Ku ne kuka zo kuka zauna a tabarma kuka yi mini gaisuwar Yaya Haruna, kuka ci sadakarsa, wasunku har da neman ƙari, sai ga shi na dawo ina ce muku mutumin yana nan da ransa. To ga labarin sau ɗaya, kowa ya ji, don zuciyata ba ta son maimaitawa. In taƙaice muku kafin in fara: Yaya bai mutu ba, 'yarsa Rashida ce ta rasu. Ta faɗa ruwa ne ta cikin wani abu da shi ya ɗinka da hannunsa, kuma abin da ya hana shi ci da barci shi ne ko ɗinkinsa ne ya kashe ta. Ni aka ɗora wa faɗin amsar.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya Haruna shi ne babbanmu. Ni da shi duk a hannun Baba muka koyi ɗinkin tamfol a nan Fagge, na manyan motoci da na rumfuna. Shi ya bi motar goro ya tafi Accra tun ina saurayi, ya zauna a wata unguwar Hausawa da ake kira Maamobi, ya auri 'yar can, Mma Adiza, suka haifi Rashida, ita kaɗai Allah ya ba su. Yana ɗinkin rumfunan biki da na makoki. Ƙarshen mako kuma yakan tafi wani gari a bakin teku mai suna Ada, inda wasu masu hali suke ajiye ƙananan jiragen ruwa na shan iska, yana gyara musu duk abin da yake na yadi da igiya.

Wata safiya ina kan keken ɗinki sai saƙon murya ya shigo wayata daga Mma Adiza. Hausar mutanen can daban take, harshensu ba ya ɗaukar ƙa da ɗa, kuma tana kuka, amma na ji ta sarai. Ta ce: "Baba karami, zo. Ya hau jirgi, jirgi ya yage, ya fadi cikin ruwa, karfe ya buge shi a kai. Allah ya dauke shi. An binne shi jiya. Yaya naka..." Sai kuka ya ci ƙarfinta, saƙon ya yanke. Ku faɗa mini don Allah, wa za ku ce ya mutu? Na kira wayar Yaya, a kashe. Na kira tata, wata maƙwabciya ta ɗauka tana ta yarensu, da ƙyar ta haɗa mini Hausa ta ce, "Eh, ya mutu, sai hakuri." Shi ke nan na rufe shago, 'yan'uwa mata suka taru suka yi kukansu, muka shimfiɗa tabarmi.

Da aka tashi daga zaman makoki aka ce dole wani ya je ya ga matar da yarinyar. Ba ni da halin jirgin sama, sai na ɗaure kilishi da dabino na shiga motar Legas. Wannan hanyar duk kun san ta, ba abin da zan ƙara muku sai ciwon baya. A Legas na samu ƙaramar mota mai zuwa Accra kai tsaye, kuma a nan Allah ya haɗa ni da Hajiya Ladi, wata 'yar kasuwa mazauniyar Agege da ke kai turaren wuta da mayafai unguwar Nima a Accra. Mace ce mai jiki da murya, ta cinye kujerarta da rabin tawa, amma ba don ita ba da har yanzu ina kan iyaka ina zare ido.

A iyakar Seme wani jami'i ya miƙo hannu ya ce yalo kad. Ni kuwa na laluba aljihu na zaro katin ƙungiyarmu ta masu ɗinkin tamfol, tunda rawaya ne, na miƙa masa da ladabi. Ya juya shi gaba da baya, ya kira abokinsa, su biyu suka yi ta dariya. Hajiya Ladi ta fizge katin ta ce, "Haba Malam Inuwa, na allurar shawara ake nufi! Kai wane ƙauye ka fito?" Na ce Fagge. Ta ce ai ta ga alama. Aka kai ni wani ɗaki aka tsira mini allura a dantse, aka ba ni katin gaskiya, na dawo mota hannu yana zugi.

Ƙasar Binin ban riƙe komai nata ba sai 'yan acaɓa da suka fi ƙuda yawa, da wani burodi dogo mai tauri da Hajiya ta saya mini, na ci ya fasa mini dasashi. A Togo na fara ganin teku. Hanya ta bi gefensa, direba ya ce in duba, na duba sau ɗaya na kau da kai. A raina wannan ne ruwan da ya ci yayana, me zan kalla a cikinsa?

Motar ta lalace kafin mu shiga Lome, ko da aka gyara an riga an rufe iyakar Gana. Hajiya ta ja ni zuwa zangon garin, gidan wani dattijo Bazabarme da take sauka a wurinsa, aka ba ni tabarma a zaure tare da sauro. Da asuba dattijon ya tambaye ni abin da ya fito da ni, na faɗa masa. Bayan an sallame sallah a masallaci sai ya miƙe ya sanar da jama'a, liman ya ɗaga hannu, masallaci guda aka yi wa Haruna ɗan Kano addu'ar samun rahama. Na yi kuka a wurin, mutanen da ban sani ba suna dafa kafaɗata. Daga nan aka kawo koko mai yaji har yana ƙona maƙogwaro, da ƙosai manya-manya.

Da muka taka zuwa Aflao, gefen Gana, na tsaya wurin masu duba jaka, Hajiya ta yi gaba. Sai ga wata mata mai dako da ƙaton kwano a kai ta zo ta tsaya a gabana ta ce, "Alhaji, Hajiya ya ce ka zo, shi na jiranka." Na waiga ina neman namijin da ake kira Hajiya. Da na faɗa wa Hajiya Ladi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ka shigo Gana ke nan, Malam Inuwa. Nan kowa namiji ne a baki. Mahaifiyarka ma shi za su ce mata." Ni ma na yi dariya, karo na farko tun da na bar gida. Wallahi ko kusa tunanina bai koma kan saƙon Mma Adiza ba. Na ji da kunnena, na yi dariya, na shiga mota.

Muka sauka a Tudu, wata tashar Accra da ta fi kasuwar Kwari hayaniya. Hajiya ta sa ni a ƙaramar bas da suke kira torotoro, ta faɗa wa kwandasta inda zai sauke ni, ta ce Allah ya ba ni haƙuri, muka rabu. Maamobi lunguna ne matsattsu, gida manne da gida, ko'ina Hausa kake ji amma sai ka kasa kunne kafin ka kama. Ban sha wuyar neman gidan ba, don ranar ce ake taron addu'ar rasuwar. Mu a nan mun saba da tabarma a ƙofar gida da ɗan gumba. Su kuwa titi suke tarewa gaba ɗaya, a kafa rumfuna, a jera kujerun roba, a ɗaura lasifika malamai suna karɓa-karɓa, mata duk cikin atamfa iri ɗaya kamar ana biki. Da farko raina ya ɓaci, na ce wannan makoki ne ko suna? Daga baya na ga yadda unguwa guda ta bar sana'arta ta zo ta zauna, sai raina ya kwanta.

Na samu kujera a gefen maza, na gaisa da dattijon da ke kusa da ni, na ce masa ni ƙanin mamacin ne, daga Kano. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kanin wa?" Kafin in amsa sai idona ya faɗa kan layin gaba, kusa da liman. Yaya Haruna ne zaune da farar jallabiya, ya rame kamar an zare masa nama, amma shi ne, har da tabon goshinsa.

Ban san lokacin da na tashi ba. Jakata ta faɗi, hulata ta faɗi, na ture kujeru na isa gare shi na rungume shi ina taɓa fuskarsa. A tsakiyar makoki, malami yana kan addu'a, na ɗaga murya na ce, "Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi!" Yaya bai rungume ni ba, hannuwansa suna kan cinyarsa. Sai a lokacin hankalina ya dawo, na dubi rumfuna da jama'a, na ce, "Yaya, to wa ya mutu?"

Ya ce, "Rashida."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe mini a lokaci guda kamar ranar ba. Yarinyar da take kira na duk Sallah ta ce Baba ƙarami yaushe za ka zo in kai ka ruwa. Ta gama karatu, tana koyarwa a makarantar firamare, ana maganar aurenta. Ni kuma na zo daga Kano na tsaya a kan addu'arta ina hamdala.

Da na shiga cikin gida Mma Adiza ta kama hannun rigata tana kuka ta ce, "Baba karami, ai na fada maka." Kuma gaskiyarta, ta faɗa mini, a Hausarta babu kuskure ko ɗaya. Da na ba Yaya labarin zaman makokin da muka yi masa a Fagge da addu'ar Lome, na zaci ko zai murmusa. Sai ya ce, "Ba ku yi kuskure sosai ba."

A shagonsa aka yi mini shimfiɗa, cikin naɗaɗɗun tamfol, warin da na saba da shi. Abinci kam ba su bar ni da yunwa ba. Da safe maƙwabta su aiko da shinkafa da wake ja-ja da ake dafawa da karan dawa, an tula mata taliya da garin kwaki da ƙwai da wani baƙin yaji mai suna shito, duk a ganye ɗaya. Wannan na ci har na saba. Dokunu ne ya gagare ni, tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawonta, na kai loma ɗaya na ce a gafarce ni. Yaya kuwa ko wanne aka ajiye masa haka za a ɗauke. Masu gaisuwa su shigo su ce Allah ya ƙaddara, ya ce haka ne. Su ce kwananta ne ya ƙare, ya ce haka ne. Idonsa a bushe ƙamas. Mma Adiza ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ka yi mishi magana. Ba ya ci, ba ya kuka. Na rasa daya, kar na rasa biyu."

Shi ya riga ni magana. Mun dawo daga sallar asuba ya biyo ni shago, ya zauna a kan wani naɗin tamfol, ya bayyana mini yadda abin yake. Jirgin da Rashida ta hau ba shi da daɓen katako, a kan wata shimfiɗa ta yadi ake zama. Shimfiɗar ta tsufa, mai jirgin ya aika a kawo sabon yadi daga waje, kafin ya iso Yaya ya sake bin gefenta da ɗinki don ta ɗan ƙara kwana. Rashida tana hutun makaranta, ta bi shi Ada kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Ita ta fara hawa bayan gyaran.

Ya ce, "Inuwa, kowa yana ce mini ƙaddara. Na sani, ni ma Musulmi ne. Amma ina so in san ko ta hannuna ta biyo. Tun ranar ban iya duban shimfiɗar nan ba. Masu ɗinkin garin nan duk yarana ne, ba wanda zai dubi idona ya faɗa mini. Kai hannu ɗaya ya koya mana. Ka je ka duba, ka ji tsoron Allah, ka faɗa mini abin da ka gani."

Na ce, "Yaya, me sanin zai ƙara maka?"

Ya ce, "Rashin sanin ne yake ci na."

Muka koma Tudu muka shiga motar Ada. Ashe na wuce mararrabar garin a hanyata ta zuwa ban sani ba. Wuri ne da babban kogi yake shiga teku, ga bishiyoyin kwakwa, ga jirage a jere kan yashi. Wani dattijo mai suna Tette, ɗan garin, shi yake kula da su, kuma shi ya koya wa Rashida tuƙi. Da ya ga Yaya sai ya cire hularsa. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin nasa, dole Yaya ya tsaya tsakaninmu yana fassara mini yadda 'yarsa ta mutu. Iska tana da ƙarfi ranar, jirgi yana gudu, Tette yana riƙe da abin juyawa. Rashida ta taso daga wannan gefe za ta koma wancan, ta dira da gwiwa kusa da bakin shimfiɗar. A nan Yaya ya daina fassara. Tette ya ƙarasa mini da hannu: ya nuna yadi ya buɗe, ya nuna ta zurma, ya dafa ƙarfen da ke gicce a baya, sannan ya dafa ƙeyarsa.

Bari in kwatanta muku jirgin. Kwalekwale biyu ne dogaye sirara, an haɗa su da ƙarafa biyu a gicce, gaba da baya, da dogon ƙarfe a tsaye wanda ake ɗaura ƙyallen da iska take turawa. Tsakanin kwalekwalen babu komai sai shimfiɗar, wadda masu jiragen suke kira tarampolin. Baƙin yadi ne na roba mai ƙananan huji kamar raga, don ruwa ya riƙa wucewa. Gefe biyu an yi masa kalmasa da igiya a ciki, ana zura shi a wani kwari da ke jikin kwalekwalen. Ta baya kuma zobban ido ne irin namu na tamfol, ana bin su da igiya a ɗaure a ƙarfe, a ja har ta yi tauri kamar fatar ganga.

Yaya ya tsaya can nesa ya juya baya yana kallon kogi. Ni na durƙusa. Yagewar ta gefen dama ce, doguwa, ta fi tsawon hannuna, miƙaƙƙiya kamar an sa reza. Na fara duba zaren. Zare lafiya lau, mai kyau ne wanda rana ba ta ci, ko ɗaya bai tsinke ba. Har na ji sanyi a raina. Sai na bi bakin yagewar da yatsa. A kan layin allura yadin ya rabu, huji bayan huji, yadda ake yage tikiti.

Ku da ba ku san sana'ar ba, ga abin da ya faru. Baba yana da ɗinkinsa da aka san gidanmu da shi, miƙaƙƙe, a matse, allura kusa da allura. Yakan ɗaga aikinmu ya kara a rana, in ya hango haske tsakanin ɗinki sai ya warware ya ce a sake. A kan tamfol na mota wannan shi ne aiki, ko ɗigon ruwan sama ba ya shiga. Amma wannan yadin rana da gishiri sun riga sun cinye shi, na murza shi ya bar mini baƙin gari a yatsa. Kowace allura da ta shiga ta yanke masa silin da ya rage. Da an yi ɗinkin da tazara, da abin ya zo da sauƙi. Yaya ya yi masa ɗinkin gidanmu, kuma ban taɓa ganin wanda ya kai shi kyau ba.

Daga can bai juyo ba ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Zarenka bai tsinke ba, Yaya."

Ya ce, "Sai me?"

Na ce, "Bari mu cire ta tukuna in ga ƙasanta." Tsoro ne kawai, babu abin da zan gani a ƙasanta.

Sabon yadin ya riga ya iso, yana ajiye a rumfar da Yaya yake aiki, inda tsohon kekensa yake. Ya ce ba za a bar jirgin da rami ba, gobe ɗan wani ne zai hau. Muka kwance igiyar baya, muka zare tsohuwar shimfiɗa daga kwarinta, da ƙyar don gishiri ya kama. Tette ya kawo ruwan daɗi muka wanke kwarin tas, Yaya yana bin sa da yatsa ko akwai kaifin da zai ci yadi. Muka shimfiɗa tsohuwar a kan sabon muka zana, muka rage kaɗan tunda tsohuwar ta saki. Yaya ya sa wuƙa a wuta ya yanka da ita, bakin yadin yana narkewa yana liƙewa don kada ya zare. Duk wannan da hannunsa ya yi. Da aka zo kan keke sai ya ja baya ya ce, "Kai za ka ɗinka."

Na zauna. Na naɗe kalmasa riɓi biyu da igiyar a ciki, na ƙara mata ƙyalle mai kauri, na sa a ƙarƙashin allura. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, hannuna ne ya tafi kan maɓallin keken ya buɗe tazara, ya mayar da shi zigizag mai faɗi. Na taka na yi kamar kamu ɗaya. Sai na ji inuwarsa a kaina.

Ya ce, "Inuwa, tsaya."

Na tsaya.

Ya ce, "Yaushe ka fara ɗinki da faɗi haka? Baba zai warware wannan."

Na kasa ɗaga kai. Ga keke, ga ɗinkin a gabanmu, babu inda zan ɓoye shi. Na yi tunanin in ce masa sabon yadi haka yake so, kuma ba ƙarya ba ce. Amma ya ce in ji tsoron Allah, kuma na san in na kauce yau, babu sauran wanda zai tambaya har ya mutu. Na ce, "Yaya, yadin ya riga ya mutu, ɗinkin kuma ya matsu da yawa. A kan layin allura ya yage. Ɗinkin ne." Na ƙara da cewa, "Da ni aka ba aikin, haka zan yi shi. Abin da aka koya mana ke nan."

Na jira ya faɗi, ko ya zage ni, ko ya tafi. Sai ya ce, "Na gode." Can kuma ya ce, "Tashi."

Na tashi ya zauna. Bai taɓa maɓallin ba, yadda na buɗe shi haka ya bar shi, ya ƙarasa gefen nan, ya juya ya yi ɗayan, ya sake bin kowanne da layi na biyu nesa da na farko. Muka buga sababbin zobba a kan ƙyalle riɓi uku. Muka zura shimfiɗar a kwarinta muna shafa mata ruwan sabulu, ni ina turawa Tette yana ja. Igiyar baya bai yarda a yi ta guda ɗaya ba, ya yanka ta gida-gida, kowane yanki da ƙullinsa, don in ɗaya ya tsinke saura su riƙe. Muka riƙa ja kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa gefe, mu koma mu sake, har tafin hannuna ya yi ja. Da ta yi tauri ya hau da kansa, ya bi ta da gwiwa lungu-lungu, ya je daidai inda Rashida ta dira ya saki nauyinsa duka. Ko motsi ba ta yi ba. Ya sauko ya faɗa wa Tette da yarensu, ya maimaita mini da Hausa, cewa a riƙa wanke ta da ruwan daɗi duk aka fito, a rufe ta daga rana, kuma ranar da ta fara barin baƙi a hannu a cire ta, kada a kira kowa ya yi mata faci.

Hanyar dawowata Kano ba ni da abin da zan faɗa muku a kanta, na bi iyakokin nan duka ban ga komai ba. Abin da yake tsaye a idona har yanzu shi ne abin da ya faru kafin mu bar bakin ruwan. Tette ya ɗauko tsohuwar shimfiɗar yana tambaya ko ya ƙone ta. Yaya ya karɓa, ya zauna a kan yashi ya ɗora ta a cinyarsa. Karo na farko ke nan da ya dube ta. Ya sa babban yatsa yana bin ɗinkinsa a hankali, daga farko har inda ya yage.

Ya ce, "Ka ga yadda ya matsu ko?"

Na ce, "Na gani, Yaya."

Ya ce, "Na sauran jiragen ban taɓa matse su haka ba. Wannan tun safe na zauna a kansa har la'asar, ina ƙara matsewa. Na san ita za ta hau."

Sai ya kifa fuskarsa a cikin yadin, kukan ya zo. Na zauna kusa da shi a kan yashi na riƙe shi, ban ce masa ya yi haƙuri ba.